Madam Komisar da Kwanon Doguwa

A Dogon Dutsi, in ka tambayi ƴan kabu-kabu rumfar abincin Tanti Mireille, sai su tsaya kallon juna. Ka ce rumfar Madam Komisar, nan take a kai ka har ƙofa. Ita kam ta ɗauki sunan nan, wato babbar ƴar sanda, lambar girma, har ta sa an rubuta shi da shuɗin fenti a allon rumfarta da ke kusa da tasha. Duk faɗin garin ba a sami wanda ya yi mata alherin gaya mata cewa zagi ne ba.

Ita ce ɗiyar fari ta Iliya da matarsa Claire, mutanen unguwar bayan misiyo, wato majami'ar mishan. Kamar yadda ake yi wa ɗan fari a Arewa, uwarta ba ta kiran sunanta, ba ta zama da ita su yi hira, in za ta aike ta sai dai ta ce, ke wannan. Kunya ce, kuma girmamawa ce, ko da yake Mireille ba ta taɓa ganin haka ba. Ana yaye ta aka miƙa ta ga wata gwaggonta a Yamai. Can ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta faɗi jarrabawar birbe, ta sake zama ta sake faɗuwa, daga nan ta kama aikin girki gidan wata Baturiya mai aikin asibiti. Da matar za ta koma ƙasarsu sai ta bar mata tukwane, da wata wuƙa mai kyau, da kwali guda cike da littattafan Faransanci. Da tukwanen kaɗai ta bari, da an huta.

Littattafan nan duk yanka ɗaya ne, ɗinki ɗaya. A wani ƙaramin gari mai sanyi akwai wata mata mai gasa gato, wato kek, tana da kyanwa. Wata safiya sai ta yi tuntuɓe da gawa. Ƴan sanda wawaye ne, don haka ita za ta ɗauki gato ta bi gida-gida tana tambayoyi. A ƙarshe ta tara mutane a tebur, ta zuba musu shayi, ta miƙe ta nuna mai laifi da yatsa, kowa ya riƙe baki. A bayan littafin kuma a koya maka yadda ake gaton. Mireille ta karance su har bangonsu ya zube, ta manne da ƙaro, ta sake karantawa. Abin da ta tsinta a ciki guda ne: kowa yana ɓoye wani abu, kuma duk abin da aka ɓoye laifi ne. Ba littafi ɗaya a kwalin nan da ya gaya mata akwai abin da ake rufewa don mutunci.

Ta yi aure da wani direban kamiyo mai jigilar kaya, Élisée, mutum mai haƙuri. Sai dai haƙuri ma yana da ƙarshe in kullum ka dawo daga tafiya matarka za ta sunsuni rigarka ta gaya maka abin da ka ci, da inda ka ci shi, da irin matar da ta dafa. Wata rana ya yi lodin albasa zuwa Kwatano, bai dawo ba. Mireille ta ce dama ta gano shi tun tuni. Ta kwaso tukwanenta da kwalinta ta dawo gidan ubanta, ta wuce shekara arba'in, ba ta san ko sunan maƙwabta ba.

Ta buɗe rumfa. A faɗi gaskiya, shinkafarta da miya ba laifi. Gaton ne masifa. Tana gasa shi a tukunya, rairayi a ƙasa, garwashi a kan murfi, ya fito kamar tubalin da aka manta a rana, ta yanka wa mutane ta tsaya a kansu sai sun haɗiye. Ta samo kyanwa ta ɗaura mata ƙyalle a wuya. Abin da ya rage mata gawa, gawa kuwa ta ƙi samuwa. Takan yi tsaki ta ce wannan wane irin gari ne, mutane ba sa mutuwa sai da zazzaɓi da tsufa, ko guba ba wanda ya iya sakawa. Don haka ta koma kan ƙananan abubuwa. Kazar Kubra, maƙwabciyarsu mai sayar da kopto, wato kwaɗon ganye, da dambu, ta ɓace, Mireille ta yi abin da take kira anket, wato bincike, ta ɗora wa mai gyaran keke. Ana cikin rigima kaza ta fito daga ƙarƙashin rumbu da ƴan tsaki a bayanta. Kunun wani baftisma ya yi tsami, ta ce hannun maƙiyi ne, alhali zafin watan huɗu ne kawai. Daga nan aka laƙa mata Madam Komisar, ta karɓa hannu biyu.

To, a gidan Iliya akwai wata tsohuwar magana. Iliya da wansa Rabo haifaffun wani ƙauye ne ta wajen Lugu, gidan masu bauta irin ta kakanni. Iliya ya shiga addinin Kirista yana saurayi, Rabo ya tsaya kan na gado. Ranar da aka yi wa ubansu yankan bayan mutuwa, aka ajiye kwanon nama gaban ƴaƴansa, Iliya ya ture shi a gaban jama'a, ya ce shi ya bar cin wannan. Rabo ya dafa ƙasar kabarin ya rantse: tunda ka ture kwanon ubanmu, in na sake cin abincin gidanka ƙasar nan ta ci ni. Irin wannan rantsuwa a wurinsu ba a kwance ta. Ba su yi gaba ba, suna gaisawa, suna zuwa wa juna jaje da barka, amma loma ba ta sake haɗa su ba.

Shekaru suka tura. Matar Rabo ta rasu, ƴaƴansa suka bazu neman abinci ba labari, ƙafarsa ta hagu ta fara ja, gona ta fi ƙarfinsa. Ya gangaro Dogon Dutsi ya kafa bukka a bakin gari, bayan garkar Iliya, wai don ya kusanci asibiti. A tsakanin bukkar da garkar akwai wata tsamiya babba. Ba da jimawa ba sai aka ga Claire, matar da ke jan waƙa a majami'a ranar Lahadi, tana ɗaukar kwanon tuwo kullum kafin rana ta take, ta kai gindin tsamiyar ta rufe da faifai. Ta ce doguwa ce, iskar gidan mijinta, ta biyo su daga ƙauye, ta sauka a itacen, tana neman hakkinta. Rana tsaka lokacin iskoki ne, ba mai giftawa ta gindin tsamiya. Da la'asar ta je ta ɗauko kwano a wanke.

A al'adar mutanen Lugu, abin da aka ajiye wa doguwa ya fita daga hannun mai shi, ya zama nata, kuma babban gida mai kula da ita yana da ikon cin saura. Rabo ne babban gida. Tuwon doguwa yake ci, ba na Iliya ba, rantsuwarsa tana nan daram. Amma abin yana tsaye ne kan ƙafa ɗaya: kada baki ya furta cewa don Rabo ake yi. Ranar da aka faɗa, tuwo ya koma na gidan Iliya. Duk unguwar sun sani, Kirista da Musulmi, har mahaucin da Iliya ke ce wa ya zaɓo masa wurin da ba jijiya. Ba wanda ya taɓa tambaya, ba wanda ya taɓa bayani. Haka tsohon nan ya yi shekaru yana cin abinci da girmansa.

Mireille ta san labarin rantsuwar, kamar yadda ake sanin tatsuniya. Kwanon ne ya tsone mata ido. Ta tare uwarta a madafa ta tambaye ta wa ke cinye tuwon nan.

"Doguwa ka ci," in ji Claire, ba ta ɗago ba.

"Mama, ke da kike waƙa gaban mutane ranar Lahadi?"

"Ke wannan, miƙo min faifai."

Wata ɗiyar da ta ji haka za ta gane an rufe ƙofa. Mireille ta ji kamar an buɗe mata shafin farko. Ga tsohuwa mai tsoro, ga wani macuci da ke wasa da hankalinta da sunan iska, ga gari na jahilai da ba wanda ya lura. Sai ita. Daren nan ko gato ba ta gasa ba don murna.

Ta fara lura, kuma a ba ta hakkinta, ido gare ta. Ta ga uwarta tana daka naman kwanon a turmi kafin ta zuba a miya. Ta ga tuwon ya fi na gida laushi. Ta ga ba a cika yajin tonka a miyar kukar ba. A makon da tari ya kama Rabo har ana jin sa daga garka, ta ga an ƙara wa doguwa kunun kanwa mai zafi. Ta ga kwanon ba ya dawowa haka nan, kullum da ƴan magarya ko aduwa a kan faifan, kuma da gwiwar ubanta ta kumbura sai ga wasu saiwoyi a ɗaure, Claire ta dafa, Iliya ya sha. Duk wannan ta gani. Mai hankalin tuwo ma zai tambayi kansa, yaya aka yi mai daka nama ta san mai ci ba shi da haƙora? Mireille ba ta tambaya ba. Abin da ta fitar shi ne ɓarawon tsoho ne, yana tari, ya san itatuwa.

Kubra ta hango inda aka dosa. Ta kira ta bakin tirenta, ta zuba mata kopto ba ta karɓi komai ba, ta ce mata, "Ɗiyata, tuwon da ba a sa hannunki ciki ba, mi ya kai ki ƙirga loma? Ki bar tsamiya da masu ita." Mireille ta ci kopton tas, ta koma tana cewa a ranta Kubra ma da hannunta, don a littafi duk wanda ya ce ka bar bincike yana da abin ɓoyewa.

Sai ta tankaɗe toka ta barbaɗa kewaye da gindin tsamiyar da hantsi. Da la'asar ga sawu ɓaro-ɓaro: takalmin taya, na hagu yana jan ƙasa, da ɗigon sanda a gefe. Washegari Claire ta ga tokar, ta karyo reshe ta share ta ƙal, ta dawo gida, ranar ba ta ci abinci ba. Mireille ta ce tsoro ne, baiwar Allah.

Saura mataki ɗaya kamar yadda littafi ya tsara: a kai wa wanda ake zargi gato. Ta yanka ta nufi bukkar Rabo. Tsohon ya yi murna da ganinta, ya shimfiɗa mata buzunsa ya zauna a ƙasa, ya yi ta ba ta labarin ranar da aka haife ta, yadda ya yi tafiyar ƙafa daga ƙauye don ya ga jinin gidansu. Gaton kuwa ya sa masa albarka ya ce ta kai wa yara, ita ɗiyar Iliya ce, ta san zancen. Ita dai idonta yana kan murhu. Duwatsun sun yi sanyi, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin tukunya, ba ko ƙwayar hatsi a ɗakin. Ɗiyar kirki da ta ga murhun wan ubanta haka, kuka za ta yi. Mireille ta fito tana murmushi. Ba hayaƙi, kuma mutum bai rame ba. Anket ya cika.

Ta jira Litinin ɗin Paska, ranar da Iliya ke tara dangi da maƙwabta a ci a sha. Rabo ya zo barka kamar yadda ya saba, ya shimfiɗa buzunsa can kusa da ƙofa, aka kawo masa ruwa daga randar Kubra, don ko ruwan gidan ba ya sha. Ana tsakiyar ci Mireille ta fito da gato a hannu ɗaya, kwanon doguwa a ɗayan, ta ajiye su a kan tebur ta buga cokali a kofi. Iliya na ganin kwanon ya ce ta zauna. Ba ta zauna ba. Kubra ta ɗauki waƙar biki da ƙarfi, mata biyu suka amsa, don a danne muryarta. Ta jira suka gaji. Sannan ta jero komai dalla-dalla, naman da aka daka, tarin, saiwoyin, tokar, murhun, tana juyawa tana duban fuskoki kamar matar littafi. Ta miƙa yatsa wajen ƙofa.

"Doguwar nan takalmin taya gare ta, da sanda. Baba Rabo, tuwon gidan ƙanenka kake ci kullum rana tsaka, kai da ka rantse kan kabari."

Ta tsaya tana jiran a riƙe baki. Ba wanda ya riƙe. Ba wanda ya ko dubi Rabo. Kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa kamar an yi tusa gaban suruki. Nan ne ya kamata ta gane cewa a duk tsakar gidan nan ita kaɗai ce ba ta sani ba, amma ta ɗauka mamaki ne ya kashe musu baki.

Rabo ya shanye sauran ruwansa a hankali. Ya naɗe buzu, ya dafa sanda ya miƙe. Wa ba ya yi wa matar ƙanensa magana kai tsaye, don haka ya dubi bango ya ce, "A gaya wa matar gida doguwa ta gode. Ta ƙoshi."

Iliya ya bi shi har waje da gwiwarsa mai ciwo yana ce masa Yaya, ya tsaya, maganar yarinya ce, ba wanda ya ji. Rabo ya juyo.

"Kai ka ture kwano don addininka, ban taɓa ce maka maƙaryaci ba. Ni ma bar ni da nawa."

A cikin gida Mireille tana yanka gato tana tambaya wa zai fara.

Washegari Claire ta kai kwano gindin tsamiya. Da la'asar ta same shi yadda ta ajiye, tururuwa sun yi masa layi. Ta ci gaba da kaiwa har akuyoyin unguwa suka gane lokacin. Kubra ta aika masa da dambu, ya tambayi hatsin wane gida ne, ta rantse nata ne, ya ci kaɗan don kunya. Amma an riga an ɓata masa abinci. Duk kwanon da aka miƙo sai ya ga hannun Iliya a bayansa, kuma sau da yawa ba ƙarya ya gani ba. Mutumin da ya yi shekaru yana ci da kansa a ɗage ba zai koma bin ƙofofi ba. Kafin ruwan farko ya samu amalanken da za ta wajen Lugu, ya hau da buzunsa da sandarsa, ya sauka gidan wani ɗan'uwa na nesa, a ƙauyen da rumbu ke ƙarewa tun kafin shuka. Bai ga kaka ba.

Ranar da labarin rasuwarsa ya iso, mata suka cika tsakar gida zaman makoki. Iliya ya riga ya tafi ƙauye. Mireille ta shigo da baƙin ɗankwali, ta zauna, ta ce wa na kusa da ita abin da ciwo, amma ko ba komai ya tafi ba yaudara a kansa, gaskiya ɗaci gare ta. Claire ta tashi ta shiga madafa, ta fito da kwanon nan da faifansa, ta tsaya gaban ɗiyarta ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mireille," ta ce, "ɗauki wannan ki tahi da shi rumfarki."

Uwar da ta kira ɗiyar fari da sunanta gaban jama'a ta ajiye kunyar da take mata, ta mai da ita kamar kowace mace da ta shigo daga titi. Tun daga ranar kuwa sunan take kira, a sarari, ba nauyi, yadda ake kiran mai tallan gyaɗa.

Mireille ta ji daɗi. Ta gaya wa masu cin abinci a rumfarta cewa a ƙarshe dai Mama ta waye, ta daina tsoron iskoki, har suna take kiranta da shi kamar mutanen birni. Kwanon yana nan ta kafa shi a kan kantar rumfa kusa da kwalin littattafanta, ta goge shi yana ƙyalli. In motar Yamai ko ta Ƙonni ta tsaya, baƙi suka shigo, takan sauko da shi ta ba su labarin babban anket ɗinta tun daga toka har yatsa, su kuwa su jinjina kai don ba su san kowa a ciki ba. Mutanen gari ba sa shiga. In rana ta take, yunwa ta taso, sai ka ga ɗan kabu-kabu ya ajiye babur a inuwar allon Madam Komisar, ya tsallaka titi ya tsuguna gaban tiren Kubra.